Fara Gudun Motsa Jiki da Girma a Maraɗi: Tambayoyi da Amsoshi

A ƴan shekarun nan, wanda ya fito daga sallar asuba a Maraɗi zai lura cewa ba sojoji da jandarmomi da ƴan ƙwallo kaɗai ke gudu a bakin kwalta ba. Akwai ma'aikata, akwai ƴan kasuwa, akwai malaman makaranta, wasu da furfura a gemu. Da yawa likita ne ya turo su bayan awon hawan jini ko na sukari. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu sha'awar farawa suka fi yi mini, a fada, a ƙofar masallaci, ko ta WhatsApp. Na amsa su a matsayin wanda ya fara gudu da girmansa, ya kuma ga waɗanda suka ɗore da waɗanda suka bari tun wata bai zagayo ba.

Shekaruna sun haura arba'in, rabona da gudu tun ina makaranta. Ban makara ba?

Ba ka makara ba, Malam. Zuciya da huhu da tsoka suna ƙara ƙarfi idan an ba su aiki, ko mutum ɗan ashirin ne ko ɗan sittin. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawarar baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi irin gudu, kuma ba ta cire tsofaffi daga lissafin ba.

Amma akwai abu guda da nake so ka riƙe, don kusan duk amsoshin da ke gaba a kansa suka tsaya. Sassan jiki ba sa sabawa da gudu tare. Numfashi da zuciya cikin ƴan makonni suke gyaruwa, su kuwa ƙashi da jijiyoyi da gaɓɓai sai sun ɗauki watanni. To a mako na huɗu mutum zai ji ƙirjinsa ya buɗe, ya ji zai iya ninka nisan, alhali agara da ƙwauri ba su shirya ba. A wannan tazarar ake jin ciwo. Yaro ɗan shekara goma sha takwas zai iya yin ganganci ya kwana ya warke. Kai da ni, gangancin mako guda kan jawo zaman wata biyu.

Dole sai na ga likita kafin in fara?

Idan tafiyar ƙafa kawai za ka fara, kuma ba ka da wata cuta da ka sani, fara yau. Amma kafin ka koma gudu, je a auna maka jini. Hawan jini ba ya sallama, mutum na yawo da shi shekaru bai sani ba. Idan awo ya riƙa nuna 140/90 ko sama, a fara magana da likita.

Akwai waɗanda ganin likita ya zama musu tilas: mai jin ciwo ko nauyi a ƙirji idan ya yi aiki, mai haki fiye da kima a ɗan hawa kaɗan, wanda ya taɓa suma, mai jin zuciya na bugawa ba tsari, da wanda a gidansu wani ya faɗi ya rasu farat ɗaya yana da ƙuruciya. Haka mai ciwon sukari, musamman mai allurar insulin, domin gudu na sauke sukari, wani lokaci har sa'o'i bayan an gama. Mai asma shi ma ya je. Mai amosanin jini, wato sikila, kada ya fara ba da izinin likitansa ba, saboda zafi da ƙarancin ruwa a jiki suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon.

To ta ina zan fara?

Da tafiya. Mako biyu na farko, tafiya ce mai sauri ta minti 30, sau uku ko huɗu a mako, irin ta wanda ya ji an tada iƙama yana nesa da masallaci. Wanda jikinsa ke da nauyi sosai ya yi wata guda ko biyu a wannan matakin, ba abin kunya a ciki.

Daga nan sai a fara sirkawa. Ka yi tafiyar minti biyar jiki ya yi ɗumi, sannan gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu, ka maimaita kamar sau takwas, ka rufe da tafiya. Sau uku a mako, da ranar hutu a tsakani. Idan makon ya wuce lafiya, gudun ya koma minti biyu, sannan uku, sannan biyar, tafiyar na raguwa. Makon da ya yi maka wuya, maimaita shi. Yawancin mutane cikin wata biyu zuwa uku suke kai wa gudun minti 30 ba tsayawa, wanda ga sabon shiga yakan kama kilomita huɗu zuwa biyar. Idan ba ka son duba agogo, ƙirga turakun lantarki: gudu turaku uku, tafiya turaku uku.

Babbar magana ita ce saurin. Ga ma'aunin da nake ba kowa: idan kana gudu ka haɗu da wanda ka sani, ya kamata ka iya gaisawa da shi cikakkiyar gaisuwa. "Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa," ka amsa nasa, numfashi bai yanke maka magana ba. Idan "lafiya" kaɗai ke fita da ƙyar, ka yi sauri, rage. Za ka ji kamar wannan sassarfar ba gudu ba ce, za ka ga ɗalibai na wuce ka, zuciya za ta ce ƙara. Kada ka biye mata. Na ga mutane da dama da suka fito ranar farko suka zuba gudu kamar an biyo su, don kada masu kallo su raina su, suka tsaya bayan mita ɗari uku suna riƙe da gwiwa, suka koma gida da hukuncin cewa gudu ba nasu ba ne. Nasu ne, saurin ne ba nasu ba. Ko ƙwararrun Habasha da Kenya, mafi yawan kilomitocin da suke yi a mako a hankali suke yin su.

Ranar hutu kuma kada ka ɗauke ta asara. Magini ba ya ɗora sabon sahu a ginin ƙasa sai na ƙasa ya sha iska, haka jiki yake: gudu na gajiyar da shi, a hutu da barci yake ƙara ƙwari.

Da zafin Maraɗi, wane lokaci ya fi?

Bayan sallar asuba, ba shakka. A lokacin ƙasa ta huce, ababen hawa ba su yi yawa ba, kuma ka gama kafin hidimar yini ta cinye ka. Yamma bayan la'asar ta yi a lokacin sanyi, amma a bazara kwalta da bango na nan suna fitar da zafi har bayan magariba.

Shekararmu kowane yanki da halinsa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin da ya fi daɗin farawa. Matsalarsa ƙurar hunturu ce: ranar da hazo ya rufe gari har ba a hango ƙarshen titi, bar gudun, musamman in kana da asma ko tari. Sanyin safiya kuma na sa jiki ya daɗe bai saki ba, don haka tsawaita tafiyar farko. Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 da rana, rage nisa da sauri, ka tabbata kana gida kafin rana ta ɗaga. Damina takan yaudari mutane. Garin ya yi sanyi-sanyi, amma iska cike take da laima, gumi ba ya bushewa, kuma bushewar gumi ce ke sanyaya jiki. Sai ka ga gudun da ka saba ya yi maka nauyi. Ba ƙarfinka ne ya ragu ba. Jiki na buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da sabon yanayin zafi, a cikin kwanakin a bi shi sannu.

Alamomin da ke nuna zafi ya fara yi wa mutum illa su ne jiri, ciwon kai, tashin zuciya, tsigar jiki na tashi ana cikin zafi. Tsaya, nemi inuwa, sha ruwa. Idan abokin gudunka ya fara tangaɗi ko magana ba kan gado, wannan ya wuce gajiya: a kwantar da shi a inuwa, a rage masa tufa, a kwarara masa ruwan sanyi ana fifita, a kai shi asibiti nan take. Sanyaya jikin a wurin, tun kafin a samu abin hawa, shi ne ke ceton rai.

A ina zan yi gudun?

Filin wasanni ko filin makaranta ya fi wa sabon shiga kwanciyar hankali: ba mota, ba kabu-kabu, kuma in ka gaji ba ka yi nisa da gida ba. Da'irar gudu ta ƙa'ida mita 400 ce, zagaye goma sha biyu da rabi ke nan kilomita biyar.

Mai son titi ya bi gefen hagu, yana fuskantar abin hawan da ke tahowa, ya sa riga mai haske, kuma kada ya toshe kunnuwa biyu da abin sauraro. Hanyar Ɗan Isa manyan motocin kaya na Najeriya ne ke bin ta dare da rana, ban ba da shawarar ta da duhu ba. Duk inda kake, lura da adaidaita da amalanken da ba fitila. Hanyar jar ƙasa mai tauri ta fi kwalta sauƙi ga ƙafa. Rairayi mai zurfi kuwa, irin na cikin unguwanni ko na Gulbin Maraɗi da rani, yana wahalar da agara da dambubu, a bar shi sai ƙafa ta yi ƙwari. Wanda ya ratsa gonaki bayan kaka zai dawo safa cike da ƙarangiya, tsidau kuma na huda takalmi mai siririn ƙasa.

Kare na bin abin da ke gudu. In ya taso maka, tsaya, juyo gare shi ba tare da ka zura masa ido ba, ka ja baya a hankali. In ya cije ka, wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ka tafi asibiti ranar, saboda ciwon haukan kare ba a jiran alamarsa. Kuma da halin da ake ciki a dazuzzukan kan iyaka, kada kowa ya yi nisa da gari shi kaɗai da duhu. Ku fita biyu ko uku, a gida a san hanyar da kuka bi.

Sai na sayi takalmi mai tsada?

A'a. Abin da ake nema shi ne takalmin gudu mai laushin ƙasa wanda ya zauna maka daidai, kuma ana samun nagari a wurin ƴan gwanjo. Juya shi ka duba ƙasan: in dunduniyar ta cinye gefe guda, ko katifar ta yamutse ta daskare, ya gama aiki a ƙafar wani. Sa shi da safar da za ka yi gudu da ita, ka tabbata akwai sararin faɗin babban yatsan hannu tsakanin dogon yatsan ƙafarka da bakin takalmin. Gwada da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Sabon takalmi yakan yi kilomita 500 zuwa 800, na gwanjo ƙasa da haka. Takalmin ƙwallo mai ƙusoshi da silifa ba na wannan aikin ba ne.

Akan kawo mini labarin Abebe Bikila, ɗan Habasha da ya lashe marato, wato tseren dogon zango, a wasannin Olamfik na birnin Rum a 1960 ba takalmi. Gaskiya ne, amma ƙafar da ta saba ce. Taka ta shekara talatin tana cikin takalmi, titunanmu kuma ba su rasa ƙusa da fasasshiyar kwalba.

Tufa kuwa, mara nauyi mai shan iska. Dogon wando ba ya hana gudu, ba sai mutum ya buɗe cinya ba. Inda fata ke gogar fata, cinya da hammata, shafa man kaɗe ko basilin.

An ce gudu na cinye gwiwa. Haka ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa. Wani nazari da aka wallafa a 2017, wanda ya tattara bincike-bincike a kan mutum sama da dubu ɗari, ya samu ciwon zaizayewar gwiwa ko ƙugu a kimanin kashi 3.5 cikin 100 na masu gudun motsa jiki, kashi 10 na marasa motsi, da kashi 13 na ƙwararrun da suka shafe shekaru suna gasa. Wato gudu daidai wa daida bai nuna yana lalata lafiyayyar gwiwa ba. Abin da ke ɓata ta shi ne ƙiba, tsohon rauni irin na ƙwallo ko faɗuwar babur, da ɗora mata nauyi farat ɗaya.

Wanda gwiwarsa ta riga ta lalace, tana kumbura ko tana maƙalewa, nasa daban ne: ya ga likita, ya riƙe tafiya ko keke. Sauranmu kuma mu taimaki gwiwa da ƙarfafa cinya da ɗuwawu da dambubu sau biyu a mako. Zauna a kujera ka miƙe ba dafawa sau goma zuwa goma sha biyar, ɗaga dunduniya ka tsaya a kan yatsu, hau dakali da ƙafa ɗaya ka sauko. Minti goma a tsakar gida ya isa.

Wane ciwo zan jure, wane zan tsaya?

Tsamin jiki a cinya da dambubu, ƙafa biyu daidai, wanda ke tsananta kwana ɗaya ko biyu bayan gudu sannan ya lafa, wannan na kowa ne. Tafiya na sassauta shi. Sukar gefen ciki kuma, rage sauri ka ja dogon numfashi, takan wuce.

Wanda ba a jurewa shi ne ciwon wuri guda da za ka iya nunawa da yatsa, musamman a kan ƙashin ƙwauri ko bayan ƙafa, ciwon da ke ƙaruwa kana cikin gudu, wanda ke sa ɗingishi, ko mai kumburi. Huta kwana uku zuwa mako. In ka dawo ya dawo, nemi a duba. Ciwon ƙirji, ko wanda ya sauka hannu ko haɓa, ko jiri mai neman kai mutum ƙasa, ba hutu ake yi musu ba, asibiti ake tafiya.

A nan zan yi roƙo. Kada ka sha maganin kashe ciwo don ka samu ka yi gudu. Ibuprofen da diclofenac, idan suka haɗu da zafi da ƙishirwa, suna iya taɓa ƙoda. Tramol kuwa kowa ya ga abin da ya yi wa matasanmu, ba shi da wuri a wannan harka ko kaɗan.

Me zan ci, nawa zan sha?

Gudun da bai kai minti 45 ba da asuba ba ya buƙatar wani shiri. Kofi ɗaya ko biyu na ruwa idan ka tashi, dabino biyu ko ayaba in kana jin yunwa. Mai ciwon sukari kada ya fita ba dabino ko alawa a aljihu. Abinci mai nauyi a ba shi sa'a biyu zuwa uku kafin gudu.

Bayan an dawo, abincinmu na gida ya wadatar: fura da nono ba sukari mai yawa, kunu da ƙosai, shinkafa da wake, ƙwai, zogale da ƙuli-ƙuli. Ba ka buƙatar garin gwangwani mai tsada ko lemun ƙara kuzari. Launin fitsari zai gaya maka batun ruwa: in ya yi duhu, ƙara sha, in fari-fari ne, ya isa. Sha gwargwadon ƙishirwa, domin ɗura ruwa fiye da kima a doguwar tafiya shi ma yana da haɗari, yana tsarma gishirin jini. Idan gudun ya haura sa'a guda cikin zafi, haɗin nan da aka sani na ruwan gishiri da sukari yana aiki: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Ni tumbi nake so ya sauka. Wata nawa zai ɗauka?

Gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu. Mutum na ƙona kusan kalori ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, a kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Mai kilo 80 da ya yi kilomita biyar ya ƙona kusan kalori 400. Robar lemun kwalba ta rabin lita tana da kusan 200. Robobi biyu sun mayar da abin da ka zubar. Ka haɗa da shayin fada, na farko da na biyu da na uku, kowanne da sukarinsa. Saboda haka tumbi ba ya sauka da gudu kaɗai sai an taɓa kwano da kofi.

Kada wannan ya kashe maka gwiwa. Hawan jini, sukari, barci da nishaɗi duk suna gyaruwa tun sikeli bai motsa ba. Auna ƙugunka da igiyar tela sau ɗaya a wata, ta fi sikeli faɗin gaskiya.

Masu sa rigar ruwa ko ɗaura leda a ciki don gumi ya zuba, don Allah ku bari. Gumi ruwa ne, ba kitse ba. Abin da ya ragu a sikeli zai dawo da ka sha ruwa, kuma a zafin Maraɗi wannan dabarar na iya kai mutum ga suma ko abin da ya fi ta.

Da azumi fa?

Azumi ba watan ƙara nisa ba ne, watan riƙe abin da aka samu ne. Rage zuwa rabi. Wasu na yin minti 20 zuwa 30 a hankali dab da shan ruwa, don su gama ruwa na kusa. Wasu sai bayan asham, ciki ya sauka. Na biyun ya fi aminci idan azumin ya faɗo cikin zafi, ko ga mai hawan jini. Gudu bayan sahur ban ba da shawararsa ba, domin gumin da ka zubar da safe ba mai mayar da shi sai magariba. Wanda bai taɓa gudu ba ya jira bayan salla.

Ni mace ce, matar aure. Ya dace in yi gudu?

Hajiya, hawan jini da ciwon sukari ba su bar mata ba, kuma zaman gida da haihuwa kan sa nauyi ya taru. Ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta tsere masa, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake, ya tsere mata. Don haka maganar ba a kan gudun take ba, a kan sutura da wuri take, kuma duka biyun suna da mafita.

Dogon wando mai faɗi, doguwar riga, hijabi mara nauyi wanda ba zai harɗe ƙafa ba, da rigar mama mai riƙewa sosai. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku nemi izinin wata makaranta mai katanga a unguwarku, ko maigida ya raka ki da asuba, shi ma ya amfana. Maigidan da ke karanta wannan, rakiyar nan ta fi kuɗin magani sauƙi.

Al'ada ba ta hana gudu in jiki ya yarda. Mai juna biyu da ba ta saba ba ta riƙe tafiya, da shawarar ungozoma. Bayan haihuwa a fara da tafiya, gudu sai an kai kamar wata uku kuma an duba, musamman in tiyata aka yi ko fitsari na zubowa idan an yi tari. Mace mai yawan haki da kasala ta je a auna jininta, ƙarancin jini ya yi yawa a cikin matanmu.

Ina jin nauyi. Magidanci da iyali a gan shi yana gudu a titi?

Za a yi magana, ba zan ɓoye maka ba. Za ka ji "Alhaji, lafiya? Me ya koro ka?" Amsa da fara'a ka wuce. Mako biyu ake yi a saba da kai, kuma cikin masu tambayar akwai wanda zai same ka a keɓe ya ce yaushe za ku fita tare. Ƙarfin jiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Filin kokowar garin nan sunan Kantu yake ɗauke da shi, wanda ya ɗauki takobi a gasar kokowa ta ƙasa ta farko, wadda aka yi a 1975 a Tawa, kuma ba wanda ya taɓa cewa ƴan kokowa sun zubar da girma don sun motsa jiki. Iyayenmu kuma da ƙafa suke cin kasuwar Tibiri su dawo. Babur da kujera ne suka raba mu da abin da suke samu kyauta.

Ina noma, ina ɗaukar kaya. Ina buƙatar gudu?

A damina, mai yini da hauya ba ya buƙatar ƙari. Da rani, in aikin ya tsaya zama ya yi yawa, nan ne amfaninsa.

Na biya kujerar Makka. Gudu zai taimaka?

Sosai, amma tafiya ce kan gaba. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai, sau bakwai, ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi da zuwa jifa daga Mina cikin zafi da cunkoso. Fara wata uku ko huɗu kafin tashi, ka kai inda za ka yi tafiyar kilomita takwas zuwa goma ba galabaita, kuma ka saba da takalmin da za ka tafi da shi tun a gida.

Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni. Yaushe zan koma?

Ba a gudu da zazzaɓi a jiki, kowane iri ne. Gama maganin, ka ƙara aƙalla mako guda bayan jiki ya yi sanyi kuma cin abinci ya dawo. Wannan zazzaɓin na fasa ƙwayoyin jini, shi ya sa haki ke yawa bayansa. Koma da rabin abin da kake yi a da, ka hau a hankali cikin mako biyu ko uku. Haka za ka yi duk lokacin da tafiya, rasuwa ko hidimar biki ta raba ka da gudu fiye da mako biyu.

Zan iya kai wa marato wata rana?

Marato kilomita 42 ne da mita 195, rabinsa kilomita 21 da ɗoriya. Eliud Kipchoge, ɗan Kenya, ya yi nisan cikin ƙasa da sa'a biyu a Biyana a 2019, a wani shiri na musamman da ba a lissafa shi cikin tarihin gasa ba. Abdou Manzo ya yi wa Nijar marato a wasannin Olamfik na 1988. Amma dubban da ke cika titi a irin maraton Legas, wanda aka fara a 2016, mutane ne masu sana'o'insu, da yawa da girmansu suka fara, sa'a huɗu, biyar ko shida suke yi su iso.

Saboda haka mai yiwuwa ne, bisa tsari. Riƙe kilomita biyar wata uku ko huɗu har ta zama ba komai. Sannan ka ware rana ɗaya a mako, ka riƙa ƙara mata kilomita guda duk mako ko mako biyu, kowane mako na huɗu ka rage, har ka kai goma. Rabin marato sai bayan shekara guda ta gudu ba yankewa, cikakken kuwa shekara biyu ba ta yi yawa ba, da shiri na musamman na wata huɗu zuwa biyar. A Maraɗi, tsara shirin yadda dogayen gudun za su faɗo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ka samu wanda zai bi ka a babur da ruwa duk ranar da za ka haura kilomita goma sha biyar, kuma ka sake zuwa awon jini da zuciya kafin ka rubuta sunanka.